Gobarar Rumbunan Malam Sa'idu da Taken Jibo

Dutsin-Ma,
18 ga Satumba, 1962.

Zuwa ga yayana Malam Tukur, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Talatu da yara baki ɗaya. Allah Ya buɗa kasuwa, Ya tsare ku daga sharrin baƙunta, Ya sa ciwon ƙafar nan da ka yi fama da shi bara ya tafi ke nan. Mu ma nan sai godiya. Damina ta yi albarka gwargwado. Gero ya nuna, wasu har sun fara yanka, dawa na fitar da kai, gyaɗa ce kawai ba ta yi yadda aka so ba a jigawa. Gwaggonmu Gogo tana nan da ƙarfinta a Ɗantutture, sai idon hagu da ya ƙara dushewa. Na kai ta Katsina an duba, ta dawo tana mitar wai likitan yaro ne, ko furfura ɗaya ba ta gani a kansa ba. Da na tambaye ta da wane idon ta duba, sai ta ɗauko muciya. Maiɗakina Larai ta samu sauƙin zazzaɓin, 'yarmu Rabi'atu kuma ta shiga makaranta, kullum sai ta karanta mana abin da ke jikin gwangwanin madara.

Yaya, ina roƙonka abu biyu kafin in shiga maganar. Na farko, ka karanta wannan takarda da kanka, ko da zai ɗauke ka yini, kada ka kai wa masu karatun wasiƙa na bakin kasuwa. Na biyu, ka gafarce ni, zan yi ta ambaton sunan Jibo. Na san alkunyar ɗan fari ba ta bari ka kama sunansa ko ka so a kama a gabanka, to amma maganar tasa ce, kuma ba ta faɗuwa da kewaye-kewaye.

Bilya mai goro ya iso, ya same ni a zaure, ya ba ni ƙullin da ka aiko, mun gode. Bayan ya sha ruwa ya ce akwai saƙon baki. Ya ce ka ce a gaya wa Jibo ya tattara nasa ya nasa ya fita daga gandu, ya bar maka gidanka, kuma daga yau kada ya ƙara kiran ka uba, tun da ya zaɓi ya zama mai ƙona abincin mutane. Na roƙi Bilya ya riƙe wannan magana a cikinsa, ya yi mini alkawari. Ka dai san Bilya, mutumin kirki ne, amma cikinsa ba rumbu ba ne, kuma yana cin kasuwar Kurfi, wadda mutanen Ɗantutture ke ci. Tun daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. In na ɗauki littafi sai in tarar na juya shafi ban san abin da ya ce ba. In na ji sallama a ƙofa sai in ce ko wani ne daga ƙauye ya zo gaya mini maganar ta fita. Har yanzu ban isar da saƙonka ba, kuma wannan takarda bayanin dalili ce.

Bari in fara da abin da babu jayayya a kansa, don ba shi da yawa. Cikin watan Yuli, lokacin huɗa, ruwa ya ɗan ɗauke, jinka ta bushe. Baba Mahmuda, abokin marigayi mahaifinmu, ya kira gayya a babbar gonarsa ta yamma da gari. Duk wani mai ƙarfi a Ɗantutture ya tafi da garmarsa, Jibo ma ya tafi, Malam Sa'idu maƙwabcinku ma ya tura 'ya'yansa. Ana cikin aiki aka hangi hayaƙi. Kafin a rugo, rumbuna uku na Malam Sa'idu da ke bayan gidansa sun kama, ba a fitar da ko dami ɗaya ba. Ka san abin da wannan ke nufi a tsakiyar damina, tsohon hatsi ya ƙare a yawancin gidaje, sabo bai zo ba. Ba a rasa rai ba, sai wata kaza da ke kwanci a ƙarƙashin rumbu. Haka kuma gaskiya ne tun farkon shuka Jibo da Malam Sa'idu sun yi cacar baki a kan gambar iyaka, kowa na cewa ɗan'uwansa ya matsar da ita, har Jibo ya ce masa zai gani. Jibo bai musa ya faɗi haka ba. To, iyakar abin da aka sani ke nan. Duk sauran, ji ne da zato.

A ranar gobarar, gari duka ya ce Fulanin da suka sauka a saurar gabas ne. Washegari aka tuna da maganar gamba, sai Fulani suka fita, Jibo ya shiga. Aka taru a zauren mai unguwa, mutum shida suka ba da shaidar cewa sun ga Jibo ya ajiye garma ya nufi gari kafin hayaƙi ya tashi. Na san irin wannan ne ke kai mutum ga yanke hukunci, domin ni ma da na ji an ce mutum shida, na kusa yarda. Amma shekarun da na yi a gidan jarida a Zariya sun bar mini wata ɗabi'a mai sa mutane su gaji da ni: in an ce mutane da yawa sun ga abu, sai in tambaya ko a tabarma ɗaya suka zauna lokacin da suke faɗa. Na taɓa kai labarin wata gobarar kasuwa da shaidu biyar, babban editanmu ya mayar mini, ya ce in koma in gano a cikin biyar ɗin wa ya gani, su wa kuma suka ji daga bakinsa. Na kuma karanta a littattafan shari'a cewa alƙalan farko sukan raba shaidu, su tambayi kowa shi kaɗai. Don haka na hau keke, na yi ta zirga-zirga tsakanin nan da Kurfi da Ɗantutture, har Larai ta ce in dai sabuwar amarya na ajiye a can gara in faɗa, a kai mata gara.

Ga yadda aka yi a zauren. Baba Mahmuda ne ya fara magana, don shi ne babba kuma gonarsa ce. Da ya gama, aka juya ga sauran biyar ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce haka ne. Yaya, ka dubi su wane ne biyar ɗin: surukinsa mijin 'yarsa, 'ya'yan ƙanensa biyu, da mutum biyu da suka yi karatun allo a gabansa. A cikinsu wa zai buɗe baki a bainar jama'a ya ce wa Baba Mahmuda ba haka ba ne? Surukin ko ido ba ya haɗawa da shi. Ladabin da aka koya mana ne, ni da kai ma da muna wurin abin da za mu ce ke nan. Amma da na bi su ɗaya-ɗaya a gonakinsu, sai maganar ta warwatse. Surukin ya ce shi yana can ƙarshen gona, ya ba gari baya, bai ga komai ba, sai dai abin da Baba ya gani ai kamar shi ya gani ne. Ɗaya ya ce ya ga wani ya fita da farar hula. Wani ya ce malafa ce a kansa. Na huɗu ya ce kansa na duƙe kan kuyyarsa, gumi ya rufe masa ido, ya dai ji ana cewa wani ya tafi. Na biyar shi ne ya fi tayar mini da hankali. Ya rantse mini ya ga kwalin ashana a hannun Jibo. Na tambayi waɗanda suke zauren, babu wanda ya ji ya ambaci ashana a ranar farko. Na dube shi sosai yana magana, kuma na tabbata ba ƙarya yake yi mini ba. An yi ta maimaita labarin a dandali har ashanar ta shiga idonsa, yanzu ganin ta yake yi. Maƙaryaci ana iya kama shi, amma me za ka yi da mai gaskiyar da ya tuna abin da bai gani ba?

Shida ta koma ɗaya ke nan. Na je na durƙusa gaban Baba Mahmuda, na gaishe shi, na tambaye shi cikin ladabi. Tsohon nan ba ya ƙin gidanmu, har hawaye ya yi da ya ambaci mahaifinmu. Ya kai ni gindin tsamiyar da ya zauna ranar. Daga can, in mutum ya kai bakin hanyar gari, za ka bambance namiji da mace, amma fuska ba ta ganuwa, ko ga mai idon saurayi. Na faɗa masa haka. Ya ce shi ba fuska ya gani ba, tafiya ya gani, kuma ko cikin dubu ba zai kasa gane tafiyar gidanmu ba, wannan jefa ƙafar dama waje da kakanmu ya bar mana gado. Har ya ce tun daga nesa ya gane ni da ita da na jingine keke. Na ƙirga a raina, jikokin kakanmu da 'ya'yansu da suka je gayyar sun kai huɗu, dukansu da wannan tafiya. Ban faɗa masa ba. Ya riga ya ba da shaida a gaban jama'a, kuma dattijo ba ya komawa ya lashe abin da ya tofar.

In da a nan maganar ta tsaya, da na rubuto maka da farin ciki. To, ba a nan ta tsaya ba. Gogo, wadda ta goyi Jibo tun rasuwar uwarsa, ta tara namu shaidun, kuma sun fi nasu yawa. Mutum sama da goma suka ce Jibo bai bar gona ba, hujjarsu kuwa ɗaya ce: sun ji Nomau makaɗi yana kaɗa takensa da gangar noma, yana yi masa kirari, daf da lokacin da aka ga hayaƙi. Gogo ta ce ai magana ta ƙare, ana kaɗa taken wanda ba ya nan ne? Na so ƙwarai in yarda. Amma na ga in na auna shaidun wancan ɓangare da mudu ɗaya, ba daidai ba ne in auna namu da wani. Sai na tambaye su ɗaya-ɗaya ko sun gan shi da ido a lokacin. Babu wanda ya gan shi. Kowa na duƙe, kunne ne kawai a buɗe. Sun ji take, sai zuciya ta zana musu mai taken yana gaba yana keta ƙasa, yadda suka saba ganin sa.

Na sami Nomau a kasuwar Kurfi yana ɗaure ganga. Da na tambaye shi, ya yi dariya, ya ce wato mu 'yan boko so muke ganga ma ta riƙa kiran suna kamar malamin makaranta. Sa'an nan ya gaya mini abin da ni da kai muka sani tun muna yara, na manta da shi don ba na son tunawa. Ya ce makaɗin gayya yakan kaɗa taken mutum in ya ga ya yi gaba ya bar sa'o'insa, don ya ƙara masa ƙaimi. Yakan kuma kaɗa shi in ya duba ya ga garma a yashe babu mai ita, don ya jiyo daga inda ya laɓe, kunya ta dawo da shi. Take ɗaya ne, kiɗa ɗaya ne. Na ce to na ranar wanne ne? Ya ce ya kaɗa wa Jibo ya fi sau ɗaya, don yaron ba ya rowa, amma ko akwai na kira a ciki, wallahi ba zai iya cewa ba, shi a lokacin hankalinsa na kan ƙwaryar fura. Ka gani, Yaya. Abin da muka riƙe a matsayin hujjar yana nan, zai iya zama hujjar ba ya nan. Na dawo gida a kan keke ina jin kamar in koma in sake tambayarsa, ko zai tuna, alhali na san in na matsa masa zai tuna mini duk abin da ya ga ina so.

Hasana matar Jibo ta ce ita da hannunta ta miƙa masa fura a gona. Ban yi shakka ba. Sai dai ita ta ce rana na tsaka aka kai furar, wasu matan suka ce da hantsi ne. Hayaƙin ma wasu sun ce kafin azahar, wasu sun ce an riga an yi salla. Babu mai agogo a wurin, kuma mai huɗa ba ya ɗaga kai ya dubi rana sai cikinsa ya tuna masa.

Shi kuwa Jibo, na zauna da shi a bakin rijiya, mu biyu. Ya ce Baffa, haka yake kirana, gaskiya ya bar gonar sau ɗaya. Ƙotar garmarsa ce ta yi sako-sako, ya gangara ƙorama ya sassaƙo ɗan itace ya dawo ya cusa. Ƙoramar kuwa tana tsakanin gonar da gari, wato duk wanda ya hange shi zai ce gari ya nufa. Babu wanda ya gan shi a can. Haka ya faɗa a zauren mai unguwa, kuma wannan ne ya fi komai cutar da shi. Gogo ta yi masa faɗa kamar ta ari baki, ta ce wa ya aike shi, ga mutum goma suna cewa bai motsa ba shi kuma ya tashi yana ƙaryata su. Ya ce mata ai ya motsa ɗin ne. Ni a ganina wannan maganar mai gaskiya ce. Amma ba zan ɓoye maka ba, mai wayon da ya san an hange shi ma abin da zai faɗa ke nan. Na dubi idonsa ban ga komai ba sai gajiya, kuma na daɗe da sanin ido ba ya ba da shaida.

Na bi wasu hanyoyin ma. Matan gidan Malam Sa'idu suna zubar da toka a juji kusa da rumbunan, garwashi ɗaya da 'yar iska sun isa. An ce akwai zuma a jinkar rumbu ɗaya, mai yiwuwa wani ya je da hayaƙi don ya sha. Fulanin sun ce sun hangi mutum a bayan gari, da na tambaye su kamanninsa suka ce Bahaushe ne, shi ke nan. Akwai kuma abin da ya kusa kai ni ga halaka. Na lura tokar rumbu ɗaya ba ta kai ta sauran tudu ba, kamar dai babu hatsi sosai a ciki lokacin da ya kama. Nan take zuciyata ta gina labari: wani a cikin gidan ya daɗe yana ɗiba yana sayarwa, ya ga asiri zai tonu, ya sa wuta. Har na sami wanda zan ɗora wa, har na tuna na gan shi da sabuwar riga. Labarin ya zauna daram, babu inda ya yi gibi, na yini ina jin daɗinsa. Ina kan hanyar zuwa in gaya wa Gogo sai na tsaya a gindin wata ɗorawa na tambayi kaina me na gani. Toka na gani, wadda ruwa ya riga ya daka, awaki suka tattake. Sauran duk ni na ƙera, kuma na ƙera ne don ina son ɗanmu ya fita. Abin da aka yi wa Jibo shi na tashi yi wa ɗan wani. Shi ya sa ba zan rubuta sunansa ba, ko a gare ka.

Magana ta je gaban alƙali a Kurfi. Ya saurari kowa, ya ce babu wanda ya ga wuta a hannun wani, kuma zato ba ya zama hukunci. Malam Sa'idu ya miƙe ya ce shi bai kawo ƙarar kowa ba, ya bar wa Allah. Mutane suka yaba masa, kuma ya cancanta. Amma ka san abin da wannan kalma take yi a ƙauye. Wanda aka yanke wa hukunci yana biya ya huta, wanda aka wanke ya wanku, wanda aka bar wa Allah kuwa kullum yana tsaye a bakin zaure. Jibo ya kira gayya a gonarku ta gabas, mutum uku suka zo, dukansu 'yan gidanmu. A masallaci akan bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Gogo ta buɗe rumbunta ta aika wa gidan Malam Sa'idu dammunan gero, yadda kowane maƙwabci yake yi bayan gobara, sai aka ce ga shi nan sun fara biya a ɓoye. Da ba ta aika ba, da an ce ƙeta ta gado ce. Duk da haka yaron bai bar gari ba. Shi kaɗai da matarsa da 'yan ƙannensa suka ƙarasa noman gandu, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Abin da ya riƙe shi, a yadda na fahimta, shi ne gonar ubansa ce kuma ubansa ya bar masa amana.

Na tambayi Bilya yadda labarin ya iso maka. Ya ce a zango an ce an kama Jibo da wuta a hannu, ya amsa laifinsa gaban alƙali, kuma wani jariri ya ƙone a ciki. Yaya, kazar nan ce ta zama jariri tsakanin Kurfi da Kumasi. Ban ga laifinka ba da ranka ya ɓaci, kowane uba ya ji haka zai ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ka dubi tsawon igiyar: tsoho ya hangi tafiya daga gindin tsamiya, mutum biyar suka ce haka ne don ladabi, dandali ya ƙara gishiri, direbobi suka ɗauka, fatake suka sauke maka. A kan wannan ne za ka cire ɗa daga jikinka. Kuma ka yi mini haƙuri in faɗi wata magana da ta fi ƙarfin bakina. Saboda alkunya, ba ka taɓa zama da yaron nan kun yi hira ba tun da aka haife shi. Gogo ta san shi, ni na san shi gwargwado, kai kuwa ta bakin mutane ka san shi, alherinsa da sharrinsa. Ba laifinka ba ne, haka muka tarar. Amma wanda bai taɓa jin muryar ɗansa a zance ba, ya kamata ya fi kowa jinkiri kafin ya yanke masa hukunci daga nisan wata ƙasa.

Ba zan ce maka Jibo bai yi ba. Ban sani ba, kuma na fara tsoron ba za a taɓa sani ba. Da zan iya rantse maka da na yi tun a layin farko, na huta da wannan kai-kawo. Abin da zan iya cewa shi ne na bi duk wanda ya ce ya gani, ban sami wanda ya gani ba. In ya yi, Allah Ya gani, kuma ba Ya buƙatar mu taya Shi da gaggawa. In bai yi ba, kuma maganarka ta same shi a halin da yake ciki, to mu ne za mu ƙarasa abin da gari ya fara, kuma bakin uba ba a mayar da shi kamar bakin dandali. Na san yaron. Ba zai yi musu ba, ba zai aiko a ba ka haƙuri ba. Zai ɗauki buhunsa ya bi motar kudu, ba za mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Saboda haka ga matsayina, kuma ina neman gafara in na wuce gona da iri. Ba zan isar da wannan saƙo ba. Shi ma ta bakin mutum ɗaya ya zo mini, ban san ko cikin fushin sa'a ɗaya ka faɗa ba, ban san abin da hanya ta ƙara masa ba. In bayan ka karanta wannan takarda har yanzu kana kan bakanka, to ka rubuto da hannunka, ko ka zo da rani ka zaunar da shi ka faɗa masa ido da ido, ka ji abin da zai ce. In kuwa ka janye, ka hanzarta, ka aiko ta gidan waya kada ka jira mai zuwa, ka kuma haɗa da 'yan kalmomi zuwa ga Bilya cewa ka mayar da maganarka. Ina iya riƙe bakina har abada, nasa ne ban san iyakar ƙarfinsa ba.

Ka gaishe mini da Yaya Talatu da kyau, Larai tana gode mata da zanen da ta aiko. A gai da Azumi da sauran yara, da Malam Inuwa mai masaukinku da duk mutanen Katsina da ke zango. Gogo na gaishe ka, ta ce a gaya maka in ba ka zo bana ba, ka tarar ta makance ba za ta gane ka ba, kuma ba za ta yi ƙoƙari ba. Rabi'atu ta ce a sayo mata fensir mai launi.

Jibo ma yana gaishe ka. Bai san komai ba. Da ya ji zan rubuta maka, ya biyo ni har bakin gari yana riƙe mini keke, ya ce in gaya maka geron gabas ya yi kyau, za a fara yanka. Sa'an nan ya yi ta sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsan ƙafa, da ƙyar ya fitar da ita: wai ana sa ran baƙo a ɗakinsa bayan kaka, kuma yana roƙon ka zaɓo sunan da za a raɗa, don ba ya son kowa ya zaɓa sai kai. Na ce masa zan rubuta, ga shi na rubuta. Saƙo biyu ke nan a hannuna, naka zuwa gare shi da nasa zuwa gare ka. Nasa na isar. Ina jiran in ji abin da zan kai masa.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Rabe.